Lambobin Gyaran Awon Mai: Abin da Ya Kamata a Karanta Kafin a Taɓa Kwamfutar Injin

Bayan cire tallafin man fetur da aka sanar a ranar 29 ga Mayu, 2023, kawuna yana cikin waɗanda suka yanke shawarar mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG. Motar tasa Toyota Camry ce ƙirar 2005, mai silinda huɗu da injin lita 2.4, kuma kafin wannan aiki ba ta taɓa ba shi wata matsala ta a zo a gani ba. Makonni kaɗan da sanya tukunyar gas sai ya fara kuka da cewa da safe motar tana karkarwa a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, kamar za ta mutu, wani lokaci ma takan mutu a bakin ƙofa, amma da zarar ta ɗauki zafi ta koma kan gas sai ta daidaita. Fitilar gargaɗin injin ta kama sau biyu, kuma sau biyun ya koma wurin da aka yi masa aikin, aka jona na'ura, aka goge lambar matsalar, aka ce masa fetur ɗin da yake sha ne ba shi da kyau. Da ya kawo mini ita, abin da ya fara cewa shi ne: "Kai da kake taɓa ƙwaƙwalwar mota, ka ƙara mata mai kawai da safe, mu huta." Na ce masa: "Kawu, ka yi haƙuri ka bar mini ita kwana ɗaya, kuma don Allah kada kowa ya cire kan batir kafin in duba."

Na roƙi kada a cire batir ne domin abin da nake son karantawa yana ajiye a cikin kwamfutar, kuma a motoci da yawa cire batir ko goge lambar matsala yana share shi. Abin nan shi ne lambobin gyaran awon mai, waɗanda na'urar bincike take nunawa da haruffan STFT da LTFT. A ganina babu wasu lambobi a allon na'urar da suka kai su amfani ga mai gyaran kwamfutar injin, kuma babu waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta kamar su.

Injin fetur yana son a haɗa masa iska da mai bisa wani ma'auni, wato nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur 1. A wannan ma'aunin ne iskar oksijin da ta shiga silinda take isar man daidai, babu ragowar mai, babu ragowar iska, kuma a nan ne kaɗai matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa suke kira indomi, take iya yin aikinta yadda ya kamata. Idan iska ta yi yawa, cakuɗar ta tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Idan mai ya yi yawa, ta yi kauri. Kwamfutar ba ta ganin cikin silinda, lissafi take yi. Tana karɓar labarin yawan iskar da ta shigo daga sensar da ke bayan matatar iska, ko kuma a wasu motocin ta ƙiyasta shi daga matsin iskar manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, da saurin juyawar injin, sannan ta duba jadawalin da masu ƙera motar suka rubuta mata, ta yanke tsawon lokacin da za ta buɗe nozul mai fesa wa injin mai. A silo wannan lokaci bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba.

Duk lissafin da aka yi shi bisa labarin wani yana iya kuskure, shi ya sa aka dasa mai ba da shaida a bakin salansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro sensar oksijin ta mota, kuma a shekarar 1976 aka fara sanya ta a motocin Volvo. Tsohon samfurinta yana ba da wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9: idan ta yi ƙasa da 0.45 hayaƙin yana ɗauke da ragowar oksijin, idan ta haura kuma mai ya yi yawa. Ba ta aiki sai ta ɗauki zafin da ya kai kimanin digiri 300, don haka ake haɗa ta da ɗan hita a ciki. Da zarar ta fara magana, kwamfutar takan shiga yanayin sauraro, tana ƙara mai kaɗan, tana rage shi kaɗan, sau da yawa cikin 'yan daƙiƙu, domin ta riƙe cakuɗar a tsakiya. Wannan ƙari da ragi na nan take shi ne STFT, ni kuma ina kiransa gyaran take. Idan kwamfutar ta lura cewa a wani yanayi kullum sai ta ƙara, misali kashi 12 cikin ɗari, sai ta riƙa kwashe wannan adadi a hankali tana zuba shi a ma'ajiya, har gyaran take ya dawo yana wasa kusa da sifili. Abin da aka ajiye shi ne LTFT, gyaran ajiya. Lamba mai alamar tarawa tana nufin kwamfutar tana ƙara mai a kan lissafinta na farko, mai alamar ɗebewa kuma tana nufin tana rage shi.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Lambar tarawa ba ta cewa injin yana tafiya a tsinke a wannan lokacin. Tana cewa da ba a yi gyaran ba da ya tafi a tsinke. Muddin kwamfutar ba ta kai iyakar abin da aka yarje mata ta ƙara ba, cakuɗar da ke cikin silinda tana nan daidai. Haka kuma ba a karanta ɗaya a bar ɗaya. Wanda ya ga gyaran take a kan sifili ya ce lafiya lau, alhali gyaran ajiya yana kan 20, ya yi kamar wanda ya ga jinjirin da aka rarrasa ya yi shiru ya ce ba ya ciwo. Jimillar biyun ita ce amsa. Bisa al'adar masu wannan aiki, jimillar da ba ta wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba tana nuna lafiyayyen injin, har zuwa 10 ana iya zama da ita, abin da ya haura haka kuma yana neman bayani. Iyakar da fitila take kamawa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma lambobin da take bayarwa iri ɗaya ne tun da Amurka ta wajabta tsarin binciken matsalar mota na bai ɗaya, wato OBD-II, a motocin ƙirar 1996: P0171 ga cakuɗar da ta tsinke, P0172 ga wadda ta yi kauri, sannan P0174 da P0175 ga ɓangare na biyu a injin da silindojinsa suka kasu gida biyu.

Washegari na jona na'urata a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, na kulle motar a kan fetur zalla, na bar ta ta yi zafi sosai, na ba ta lokaci ta sake koyon abin da za ta koya. A silo jimillar gyaran ta haura zuwa kashi 36. Da na taka totur na riƙe injin a juyi 2,500 a minti, motar tana tsaye, sai jimillar ta sauko zuwa 9. Da muka hau titi ina tafiya da gudu matsakaici, kusan ta ɓace. Daga nan na mayar da ita kan gas, sai na ga a silo lambobin sun gangaro kusa da sifili.

Wannan siffa, wato lamba mai girma a silo da take narkewa yayin da aka ƙara wuta, kusan a kullum abu ɗaya take nufi: iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya bayan ta wuce sensar da ke auna ta. Lissafin a fili yake. Injin irin wannan yana shan iska kimanin giram 3 a daƙiƙa idan yana silo, kuma a lokacin bakin totur a rufe yake, don haka zuƙar da ke cikin manifol tana da ƙarfi ƙwarai. Idan ɗan tsage ya shigar da giram 0.8, sensa za ta ga 2.2 kawai, kwamfutar ta auna mai na 2.2, sai shaidar salansa ta tilasta mata ƙara fiye da kashi ɗaya bisa uku. A juyi 2,500 iskar ta ninka sau uku ko fiye, tsagen kuwa bai ƙara girma ba, don haka rabonsa ya ragu. A kan titi, inda injin yake shan giram 30 ko sama da haka kuma zuƙar manifol ta yi sauƙi, ba a ma jin ɗuriyarsa. Ban ɗauki minti goma ba na samo wurin: ɗan siririn tiyon da aka yanka aka yi wa reshe domin sensar matsi ta na'urar gas ya tsage a bakinsa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka binne wannan tsage a cikin jadawalin gas. Na'urar gas ta zamani ba ta yin nata lissafin daga tushe. Tana satar jin umarnin da kwamfutar motar take aika wa nozul ɗin fetur, ta ninka shi da wani adadi da mai sanyawa ya rubuta, ta buɗe nata nozul ɗin. Iskar gas tana buƙatar wani ma'auni dabam, kusan 17.2 ga 1, amma sensar oksijin ba ruwanta da irin man da aka ƙona, ragowar oksijin kawai take aunawa. Saboda haka ƙa'idar daidaita gas ita ce a sa lambobin gyara su zama iri ɗaya a kan gas da kan fetur, a kowane mataki na gudu da nauyi. Wanda ya yi wa kawu aiki ya ga lamba mai girma a silo, sai ya yi ta ƙara gas a wannan gurbi har ta dawo sifili, bai koma ya kwatanta da fetur ba. Sakamakon haka, duk yinin da motar take kan gas kwamfutar tana koyon cewa babu buƙatar ƙari, gyaran ajiya ya sauko. Da safe kuwa waɗannan motoci da fetur suke tashi, sai ruwan injin ya ɗumama na'urar rage matsin gas sannan su sauya. A daidai lokacin ne motar take tashi da ajiyar da aka koya a kan gas, ga tsage yana shigar da iska, ga sensar oksijin ba ta gama ɗaukar zafi ba balle ta kawo ɗauki. Da na bi maganar kawu na ƙara mai na tashin safe, da na ɗora gyara na biyu a kan gyara na farko, tsagen kuma yana nan yana ƙara buɗewa.

Wannan shi ne abin da nake son duk mai sha'awar wannan sana'a ya riƙe. Lambobin gyara suna nuna tazarar da ke tsakanin abin da aka gaya wa kwamfuta da abin da ta tarar, amma ba sa faɗin wanda ya yi ƙarya. Yana iya zama jadawalin ne ba daidai ba, kuma a nan ne mai gyaran kwamfuta yake da aiki. Yana iya zama ƙarfe ne ko roba ko waya suka lalace, kuma a nan hannunsa bai kamata ya kusanci jadawali ba. Rarrabe waɗannan biyu shi ne rabin aikin, kuma ana yin sa ne ta hanyar kallon yadda lambobin suke sauyawa daga silo zuwa matsakaicin gudu zuwa jan nauyi.

Idan siffar ta juya, wato lambar tana da kyau a silo amma tana hawa yayin da injin yake jan nauyi, to hankali yakan koma kan isar mai: famfon da ya gaji, matatar mai da ta toshe, ko nozul da suka yi datti. Sensar iska mai datti ma tana ba da irin wannan hoto, domin siririyar wayar da ake zafafawa a cikinta idan ƙura ta lulluɓe ta ba ta jin iskar da ke wucewa sosai, sai ta riƙa faɗin ƙasa da gaskiya a babban gudu. A ƙasarmu, inda ƙurar hunturu take shafe watanni kuma ake yawan kaɗe matatar iska a mayar maimakon a sauya ta, wannan ba baƙon abu ba ne. Lambar ɗebewa mai girma a silo kuma takan fito daga nozul mai ɗiga, ko bawul ɗin da ke sakin tururin tanki ya maƙale a buɗe, ko matsin mai da ya wuce ƙima. A injin mai ɓangare biyu, irin V6 na Sienna, akwai ƙarin haske: idan ɓangarorin biyu suka karkata tare, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, kamar famfo ko sensar iska, idan ɗaya ne kawai, a nemi abin da ya keɓanta da shi.

Akwai kuma lokacin da mai shaidar ne kansa aka ruɗe shi, kuma wannan ya fi haɗari domin kwamfutar tana gyara abin da bai lalace ba. Idan salansa tana da huji kafin wurin sensa, kamar yadda yakan faru bayan an yanke indomi an yi walda ta gaggawa, iskar waje tana shiga tsakanin bugun hayaƙi, sensa ta ce an tsinke, kwamfutar ta ƙara mai a injin da ba ya buƙata. Fulogin da ba ya ba da wuta ma haka yake yi, domin oksijin ɗin silindar da ba ta kama ba yana fita ɗanye, sensa kuma ba ta ganin ɗanyen man da ya biyo shi. Motocin Toyota da yawa na wannan zamani suna amfani da wata irin sensa ta gaba mai faɗin awo, wato mai faɗin ainihin ma'aunin cakuɗar, wadda na'ura take nuna ta a kusan bolt 3.3, kuma sanya mata sensar gama-gari mai araha a madadinta yana rikita lissafin gaba ɗaya. Ina ƙara ambaton cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta yi katutu a garejinmu da sunan maganin zafi: injin da bai kai zafin aikinsa ba yana daɗewa yana shan mai fiye da ƙima, kuma duk lambar da aka ɗauka daga gare shi ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Man da ke cikin tanki ma yana da nasa hannu. Fetur da aka gauraya da kashi 10 na etanol yana buƙatar ma'aunin kusan 14.1 ga 1, don haka motar da aka rubuta wa jadawali da fetur zalla za ta nuna ƙarin kashi 4 ko makamancin haka a ko'ina, ba tare da wani abu ya lalace ba. Metanol ya fi haka nisa, domin nasa ma'aunin kusan 6.4 ga 1 ne, kuma masu mota a Nijeriya ba su manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ba. Alamar matsalar mai ita ce lambobin su tashi gaba ɗaya, silo da gudu, jim kaɗan bayan shan mai.

Sai an kawar da duk waɗannan sannan lambobin gyara suke zama abin da mai daidaita kwamfuta yake so su zama, wato ma'aunin kuskuren jadawali. Wanda ya sauya bututun shigar iska zuwa mai faɗi ya canja dangantakar da ke tsakanin abin da sensa take ji da ainihin iskar da ke wucewa, kuma dole a sake rubuta jadawalin sensar. Wanda ya sa manyan nozul dole ya gaya wa kwamfuta yawan zubarsu da kuma ɗan jinkirin da suke yi kafin su buɗe, wanda yake sauyawa da ƙarfin batir. Kuskure a wannan jinkiri yana bayyana a silo fiye da ko'ina, tunda lokacin buɗewar gajere ne, har yakan yi kama da tsagen tiyo. Yadda nake yi shi ne in ɗauki bayanan tafiya mai tsawo da injin mai cikakken zafi, ƙafa a natse a kan totur, in zubar da duk abin da aka ɗauka lokacin taka wuta ko sakinta farat ɗaya, sannan in raba sauran bisa guraben jadawali. Gurbin da motar ta ratsa sau biyu ko uku kawai ba na yarda da shi. Ba na zuba duk adadin da na samu a karo ɗaya. Rabinsa nake sawa, in daidaita guraben da ke maƙwabtaka don kada jadawalin ya yi tudu da kwari, in share gyaran ajiya, in sake fita. Zagaye uku ko huɗu yakan isa. Neman sifili cif a kowane gurbi ɓata lokaci ne, domin zafin rana da sanyin asuba da man wannan gidan mai da na wancan za su ci gaba da motsa lambar, kuma domin irin wannan motsi ne aka yi gyaran tun asali.

Iyakar waɗannan lambobi ita ce wurin da injin ya fi saurin lalacewa. Idan aka take totur har ƙasa, yawancin motoci suna daina sauraron sensa, su koma kan jadawali kai tsaye, su kauraro cakuɗar zuwa wajen 12.5 ko 13 ga 1 domin ƙarfi da kuma sanyaya fistin da bawul. A wannan yanayi gyaran take yakan tsaya a kan sifili, ba don komai ya yi daidai ba, sai don babu mai dubawa. Sensar oksijin ta tsohon samfuri ba ta iya faɗin ko cakuɗar 12 ce ko 13.5, abin da ta sani kawai shi ne an wuce tsakiya. Duk wanda zai taɓa wannan yanki na jadawali yana buƙatar sensa mai faɗin awo ta dabam, irin LSU 4.9 ta Bosch, a ɗaure a salansa, kuma ban yarda da aikin da aka yi a can ba tare da ita ba. Wasu kwamfutocin ma suna ɗaukar gyaran ajiyar da suka koya a matsakaicin gudu su shiga da shi cikin cikakkiyar wuta, wanda yake nufin kuskuren ƙasa yana iya bin mutum har sama.

Motar kawu kuwa, tiyon da bai kai tsawon tafin hannu ba na sauya. Na share ajiyar, na yi tafiya a kan fetur har jimillar ta zauna tsakanin 2 da 4 a silo da kan titi. Da na mayar da ita kan gas, sai lambar silo ta faɗa ƙasa da sifili da kusan kashi 25, domin ƙarin da aka rubuta don rufe tsagen yana nan a jadawalin gas, yanzu kuma babu iskar da zai ci. Na zauna da manhajar na'urar gas ina rage shi gurbi bayan gurbi, ina sauyawa tsakanin fetur da gas a kowane mataki, har lambobin biyu suka zo kusa da juna. Na bar motar ta kwana a wurina domin in tashe ta da sanyin asuba da hannuna, kuma ta tashi a bugu ɗaya ta zauna a silo ba tare da karkarwa ba. Kwamfutar motar kanta, wadda kawu ya kawo mini domin in taɓa, ban canja ko lamba ɗaya a cikinta ba.